Wa ya zauna a kujerar nan? Littafin aikin kashi na 11

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Azumi ya wuce, baƙin Sallah sun watse, na dawo kan wannan littafi. Ga wanda bai san mafarin zancen ba: tun watan Nuwamba ni da ƙanena muke juya wani wasan tele mai dogon zango daga Faransanci zuwa Hausa, saboda kakarmu Iya da sauran matan gidanmu a nan unguwar Yelwa, Garwa ta Kamaru. Gajiya da tafinta ce ta jawo. Duk daren da aka kunna tele sai a dasa ni a tsakiya, Gwaggo na zungurina ta dama, "me ya ce?", Iya na zungurina ta hagu, "ita kuma me ta ce masa?", kafin in kai ƙarshen magana ɗaya 'yan wasan sun yi uku. Sai na ce gara mu yi yadda mutanen Kano ke yi wa finafinan Indiya, mu ɗora muryarmu sau ɗaya mu huta. Hutun dai har yau ban gan shi ba. Kashi goma mun kammala kafin azumi. Ba na sayarwa ba ne, memori ɗaya ne yake zagaya gida huɗu.

Jiya da dare na kalli kashi na 11 ni kaɗai a waya, a kan tabarma a tsakar gida, kowa ya yi barci.

Labarin wani gari ne a bakin babban tafki. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce. Mahaifinta masunci ne, ya nitse shekara bakwai da suka wuce, an tsamo shi, an binne. Kashi goma ana ja mana rai: yau jiƙaƙƙen sawu a bakin ƙofa, gobe famfo ya buɗe kansa, jibi kare ya kwana haushin lungun da babu kowa. Na riga na sa a raina ranar da za a nuno abin, da ruɓaɓɓiyar fuska za a nuno shi, da kiɗan nan mai tsinka hanji. To, a minti na 31 ta dawo daga aikin dare, ta kunna fitilar kicin, sai ga shi zaune a kujera yana ɓare lemu da 'yar wuƙa, ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa. Ko ƙwal babu kiɗa. Ya ɗago kai ya dube ta ya ce, "Kin rame."

A nan na tsayar da wayar na je randa na sha ruwa, na daɗe tsaye da moɗa a hannu.

Minti tara suna magana. Bai ba ta labarin lahira ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya nemi gafararta kan bashin jirgi da ya bar musu, ya ce kada ta kusanci tafkin sai ruwa ya ja baya. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta waiga, ta juyo, kujera ba kowa sai danshi, ɓawon lemun kuma na nan kan tebur, zare ɗaya bai tsinke ba. Ni a wurina ubanta ne, babu ko tantama. Abin da ya ɓata min rai kawai shi ne minti ashirin da aka ɓarnatar a farko kan ɗan sandan nan da matarsa mai mita. Wa ya tambaye su?

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na kwafe maganganun duka a takarda. Minti 42 ne kashin, ya ci shafi 17 da rubutun hannuna. Na ɗan sandan na gama juya su yau ɗin nan, ba su da wuya, faɗan miji da mata iri ɗaya ne ko'ina. Na kicin na tsallake su tukuna.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. A shagon buga takardu da nake aiki kusa da babbar kasuwa, tsakanin mai neman fotokwafi da mai neman a rubuta masa takardar neman aiki, sai in jawo takardata in soke abin da na rubuta da safe.

Mutanen garin a cikin wasan suna kiran abin revenant, wato wanda ya dawo. Kalmar ba ta ce mugu ne ba, ba ta ce na kirki ne ba. Mu kuwa duk kalmar da na ɗauko sai in tarar ta riga ta yanke hukunci. In na ce aljani, shi ke nan, na gaya wa masu kallo ba ubanta ba ne, wani ne ya ari fuskarsa, alhali wasan bai faɗa ba. In na ce kurwa, ai kurwa ta mai rai ce, ita maye ke kamawa mutum ya kwanta yana sambatu, a nemo mayen a sa shi ya tsallaka mara lafiya ya sake ta. Wanda ya shekara bakwai a ƙasa wace kurwa ta rage masa da za a ce "kurwata kur"? Ruhi kalmar malamai ce, ba ta zama a bakin mai sayar da kifi. Dodo na tatsuniya ne, yara za su yi dariya. Iska kuma wata ƙofa ce daban. Da na furta ta, Gwaggo za ta ce Sarkin Rafi ne tunda ruwa ne a jikinsa, daga nan sai labarin 'yan bori da garaya da birnin Jangare, wasan ya tashi daga hannuna.

Saura fatalwa. Ita ce mafi kusa, amma ku rufe ido ku ce fatalwa ku ga abin da zai zo muku: farin likkafani, bakin maƙabarta, tsakar dare, gudu. Fatalwa ba ta ɓare lemu. Ba ta lura 'yarta ta rame ba.

Abin da na lura da shi ina cikin wannan laluben, mu ma muna da masu dawowa, sai dai ta wata hanya suke biyowa. Ɗan wabi ana cewa shi ne yake tafiya yana komowa, har a sa masa suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba ko ya zauna. Kaka ta rasu, a haifi 'ya a mayar da sunanta, uban yarinya ya riƙa ce mata Uwata. Da wannan ma na yi amfani a baya: a wuraren da ake tuno rayuwarsu, uban yana kiranta ma puce, wanda in aka bi shi kalma da kalma "ƙumata" ke nan. Wane uba ne zai kira 'yarsa ƙuma a gaban Iya ya kwana lafiya? Na mayar da shi Uwata, kowa ya karɓa.

Na yanke: masu tsegumi a kasuwa za su ce fatalwa, limamin cocinsu zai ce ruhi, yarinyar kuwa ba za ta kira shi komai ba sai Baba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Babu aiki. An ɗauke wuta tun hantsi, waya ta nuna zafi 43, batirin kwamfutar shago ba ya riƙe ko minti goma. Kowa na cewa ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ne ya ja baya, kamar kowace bazara. Na kwanta a siminti na jiƙa zane na lulluɓa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na tsinci wani abu da ya hana ni barcin rana.

Duk tsawon hirar kicin da tu, wato "ke" ta Faransanci, yake mata magana, yadda uba ke yi wa 'yarsa. Sai a minti na 38, dab da a ƙwanƙwasa ƙofa, da ta tambaye shi me ya kawo shi, ya ce je suis venu vous voir. Na mayar baya sau shida, vous ne. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya san vous ta baƙo ce, ko babba, ko mutane da yawa. Uba ba ya yi wa 'yarsa ita.

Ƙanena ya ce in daina wahalar da kaina, wasan ba da Faransanci aka yi shi ba tun asali, juya shi aka yi, wanda ya juya ne bakinsa ya zame. Ni ban yarda ba. Mutanen da suka kula har ɓawon lemu bai tsinke ba, ba za su bar wannan ta wuce haka kawai ba. Abin da ya fi damuna, in da gangan ne, to ni ce na faɗi. Yana nufin mai aron fuskar ne ya yi tuntuɓe, ladabin baƙo ya kuɓuce masa. Mako guda ina cewa ubanta ne, ga kalma ɗaya tana neman ƙaryata ni.

Ina da iko in rubuta "na zo ganinki", babu wanda zai sani a gidan nan, ƙanena ma cewa ya yi in yi hakan. Na rubuta, na dube shi, na soke. "Na zo ganinku" za a faɗa. Ba ni na haifi wasan ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Malamin Islamiyyar layinmu ya kawo takardun jarrabawar yara a buga masa. Tunda injin na ɗumi sai na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma ta wasan tele ce." Ya yi murmushi ya ce tambaya ba ta da dangi.

Na ba shi labarin. Bai ko jira na kai ƙarshe ba ya jawo aya ta 99 da ta 100 a Suratul Mu'minun, inda wanda mutuwa ta zo masa yake roƙon a mayar da shi duniya ko ya aikata na gari, aka ce masa a'a, a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Ya ce wanda ya tafi ya tafi. In an ga wani da kamarsa, to ga hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa kowane mutum an haɗa shi da ƙarininsa daga cikin aljanu. Wanda ya rayu da kai tun haihuwa ya san muryarka, ya san bashin da ake binka, ya san yadda kake riƙe wuƙa. Ya ƙara da cewa da mafarki suka mai da abin da babu gardama, ana ganin mamaci a mafarki. Na ce ai ɓawon lemun ya kwana a kan tebur. Ya ce to kin gani.

Da na kawo masa zancen "ku" sai ya gyara zama. Ya ce a ayar ma, mai roƙon da Ubangiji ɗaya yake magana amma irji'uni ya ce, wato "ku mayar da ni", malaman tafsiri wasu suka ce girmamawa ce, wasu suka ce da mala'iku yake. Ashe gardamar ku da ke ta girme ni nesa ba kusa ba.

Maƙwabcin shagonmu mai kayan waya, mutumin Bafusam ne, yana jinmu. Bayan Malam ya tafi ya leƙo ya ce shi bai ga abin mamaki ba. A wurinsu Bamileke ana ajiye ƙoƙon kan kakanni a gida, ana kai musu kuka in al'amari ya cije. Uba ya zo duba 'yarsa, me ya yi zafi? Abin da ya ba shi haushi shi ne yarinyar ko ruwa ba ta ba shi ba. Na ce mutumin da ruwa ke zuba daga rigarsa?

Asabar, 19 ga Afrilu

Fassara ta kammala, shafi 21. Sai matsalar murya. Yaron maƙwabta da yake yi mana uban a kashin baya ya koma jami'a a Ngawundare, kuma ko yana nan, shi jimla biyu-uku ya saba yi, wannan minti tara ne. Ƙanena shi ne ɗan sanda, shi ne liman, shi ne mai kantin magani, in ya ƙara da uban za a gane. Ni ce yarinyar, ni ce matar ɗan sanda da hanci a toshe.

Gwaggo ce ta ce me zai hana a gwada Baffa. Na same shi bayan la'asar a inda yake gyaran babura, na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baffa, wata alfarma na zo nema, in ba za ku ga raini ba." Ya ce shi da furfurarsa zai yi wasan yara? Na ce ba a ganin fuska. Ya ce nawa ake biya? Na ce shayi da gasasshen kifi. Ya ce Asabar mai zuwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun ɗauka. Ɗakin ƙanena ne wurin aikin, mun rataya barguna biyu a bango da ɗaya a taga saboda ƙarar babura, fanka kuma dole a kashe ta don waya na kwashe kukanta. A watan Afrilu, a Garwa. Duk minti biyar sai mun buɗe ƙofa mun fito kamar waɗanda aka tsamo daga Binuwai.

Baffa ba ya karanta boko da sauri, don haka ni nake faɗa masa layi ya maimaita. Da farko wa'azi ya riƙa yi, yana ɗaga murya kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Ƙanena ya ce, "Baffa, a hankali, kamar kun dawo daga tafiya kun gaji." Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Kin rame."

Abin sauraro na kunnena. Layina ne ya biyo baya, ban iya faɗa ba.

Ban taɓa rubuta wannan a littafin nan ba. Mahaifinmu direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari a gangaren dutsen nan na hanyar Ngawundare a 2012, shekarar da ruwa ya ci unguwannin bakin kogi. Ina da shekara 14, ƙanena na da shida, shi ba ya tuna muryarsa. Baffa ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kullum ina jin Baffa yana magana, yana faɗa da yaran gareji, yana ciniki, ban taɓa haɗa su ba, don shi mai hayaniya ne, Babanmu kuwa ba a jin bakinsa daga zaure. Sai da aka ce ya sassauta.

Na ce zafi ne, na fita na wanke fuska. Muka ci gaba, muka gama kafin magariba, sau huɗu kawai aka maimaita. Baffa ya ci kifinsa yana tambaya ko akwai wani kashin.

Na san abin da na ji, kuma na san wa zai zauna a gaban tele ranar nunawa. Ban ce a sake ba. Ya yi kyau ne ƙwarai, na kasa.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, shago a rufe, mai shagon ya ara min kwamfuta na wuni a kan Audacity, manhajar gyaran sauti. Ba mu da hanyar raba muryar Faransanci da sauran sauti, don haka duk inda muke magana sai a danne na asali gaba ɗaya. A wurin ɗan sanda ba a asarar komai. A kicin kuwa ɗigar ruwan nan ita ce kiɗan, da na danne sai wurin ya mutu. Ƙanena ya kawo dabara: ya huda gwangwanin madara da allura, ya rataya a kan kwanon silba, muka ɗauki minti goma na ɗiga, na shimfiɗa a ƙarƙashin muryoyin. Ta farko ta yi sauri kamar fitsarin akuya, sai da muka toshe hudar da ɗan zare.

Hausa ta fi Faransanci tsawo a baki. Wuri uku na datse maganar yarinyar don kada ta ci gaba da zuba bakinta a rufe. Na Baffa ban taɓa ko ɗaya ba.

Asabar, 3 ga Mayu

An nuna, bayan isha'i, tele a kan turmi a tsakar gida. Mata tara, yara ban ƙirga ba, da Dada maƙwabciyarmu da ta zo da kujerarta. Baffa bai zo ba, wai kunya.

Minti ashirin na ɗan sanda da na raina, su suka fi tayar da ƙura. Gwaggo ta goyi bayan matar, Dada ta goyi bayan mijin, sai da na tsayar aka gama shari'a. Ashe ni kaɗai ce ba na son su.

Da fitilar kicin ta kama, tsakar gida ta yi tsit. Gwaggo ta ja a'uzu a fili ta jawo ƙaramin ɗanta jikinta. Dada ta ce "ginnaaji", wato aljanu da Fulatanci, ta tofa a cikin rigarta. Ni ba tele nake kallo ba, Iya nake kallo ta gefen ido. Da aka ce "Kin rame", carbin hannunta ya tsaya. Bai ƙara motsi ba har minti taran suka ƙare. Fuskarta kuwa ko gezau.

Da aka zo "na zo ganinku", ita ce ta fara magana, ba ta ko juyo ba: "Ciki gare ta."

Na ce, "Iya, wane ciki kuma?"

Ta ce, "Ke kishiya, kin yi boko kin rasa ido. Wancan karon ba ture kwanon kifi ta yi ba? Ba zama ta yi a matakalar asibiti tana riƙe da ƙugu ba? Yanzu kuma duk tsoron da take ji hannunta na kan lemun nan mai tsami. Su biyu ya gani, ya ce ku."

Wallahi kashi na 9 da na 10 ni na fassara su, na kalli kowanne ya fi sau goma, na ga kwanon kifin, na ɗauka baƙin ciki ne.

Sai murna ta kama ni, na ce to ai shi ke nan, ubanta ne, jikansa ya zo gani, ba ladabin baƙo ba ne. Iya ta ce ina! Wannan ne ma ya tabbatar mata ba shi ba ne. Shekara bakwai bai zo ba sai da ciki ya shiga? Mutanen ruwa ɗan suke so. Shi ya sa ake hana mai ciki zuwa rafi da tsakar rana ko fita da almuru, ake ce ta riƙe 'yar wuƙa. Na ce ai shi ya ce kada ta je tafkin. Ta ce in kana son yaro ya taɓa wuta, ce masa kada ya taɓa. Ta ƙara da cewa tun farko ma wanda ka tarar a cikin ɗakinka ba ka ji sallamarsa ba, ba mutum ba ne. Na ce su can ba sa sallama. Ta ce shi ya sa abin ya same su.

Har sha ɗaya ana kai da komo. Gwaggo na bayan Iya, 'yan matan na bayana, Dada ta ce ita dai a sayar da gidan. Babu wanda ya ce uffan kan muryar. Gwaggo da ta kawo shawarar Baffa ma idonta bai haɗu da nawa ba.

Talata, 6 ga Mayu

Da asuba ina shara Iya ta kira ni ɗakinta. Ba ta ce kishiya ba, sunana ta kira.

Ta ce aikin ya yi kyau, ruwan nan ma kamar a ɗakin yake ɗiga. Sannan ta ce kada in ƙara sa Baffanku a wannan wurin. Ya yi ɗan sanda, ya yi ɓarawo in ya ga dama, ban da wannan. Na fara cewa ai wasa ne, ta ɗaga hannu. "Ɗaya na binne. Ba zan zauna ina jin ɗayan yana magana daga can ba."

Babanmu ɗan farinta ne, ko yana da rai ba ta taɓa kama sunansa ba, "wannan yaron" take cewa. Yau ma ba ta kama ba. Na ce to, Iya, ku yafe ni. Ta ce in miƙo mata goronta a kan taga.

Tsuntsun da ya ja ruwa dai. Yanzu sai in san yadda zan gaya wa Baffa, wanda jiya ya aiko yaron gareji yana tambayar ranar ɗauka ta gaba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na gaya masa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, ya ce dama shi ma daren da muka ɗauka bai yi barci ba. Ya karɓi mai kantin magani, da sharaɗin kifin bai canja ba.

Neman uba: ƙanena ya gwada saukar da muryarsa a kwamfuta, ta fito kamar dodon tatsuniya, mun yi dariya mun goge. Mai shayin bakin titi yana da murya mai kyau amma ba ya iya faɗar layi ba tare da ya ƙara nasa ba. Ladanin masallacinmu ban ma isa in tunkare shi ba. Akwai wani tsohon ma'aikacin kamfanin auduga a Lopere da aka ce yana karanta boko sosai, ƙanena zai je ranar Laraba.

Gida na biyu sun aiko a ba su memori, Iya ta ce ba ta gama da shi ba, alhali ba ta iya kunna tele da kanta. Na sayi wani na sefa 2,500 na kwafa musu.

Kashi na 12 yana cikin wayata tun ranar Alhamis, ban buɗe ba. Iya ta sa na yi alkawari ba zan riga ta gani ba, wai kada in gyara fassara ta bi ra'ayina. Na ce to ta yaya zan fassara abin da ban kalla ba? Ta ce mu fara kallonsa tare da Faransancinsa, in zauna a tsakiya in yi tafinta kamar da. In ciki ya tabbata, kifin Lagdo zan saya mata, babba. Zancen ko waye a kujerar kuwa ta ce ko sun nuna shi da fukafukai ba za ta canja ba.

Yau da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, an yi ruwa na kusan rabin awa. Rufin ɗakin ƙanena kwano ne, ko kanka ba ka ji in ana zuba. Daga yanzu ɗaukar murya sai da safe kafin in tafi shago, kuma bargon taga ya jiƙe, yana kan igiya.